Challenger Hellcat a damina: in ƙara faɗin tayoyin baya ko in bar su a 275?

Abban Sadiq

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani kafin in kashe kuɗi. Motar Dodge Challenger SRT Hellcat ce ta 2016, mai giya otomatik, ba irin mai faɗin jikin da ta fito daga baya ba, kuma a Abuja take. Tayoyi huɗun duka 275/40ZR20 ne, a kan rim ɗinta na asali.

Ga awon da aka yi. Zanen tayoyin gaba milimita 5 ne, sai dai gefen ciki na ta dama ya sauka zuwa 3.5. Na baya kuwa tsakiya milimita 2, gefuna biyu wajen 4. Iska 42 a kowace taya. Lambar da ke jikin na baya ta ƙare da 3118.

In titi a bushe yake ba matsala. Da an yi ruwa, bayanta kwasa gefe yake yi a tashi daga danja, haka ma in aka taka don a wuce wata mota. A babban titi kuma, wajen gudu 100, in ta shiga ruwa kwance sai sitiyari ya yi shafal.

Mai sayar da taya ya ce a sa mata 305/35 ko 315/35 a baya, wai faɗi shi ne riƙo. Wani kuma ya ce in nemi tayar da ake kira ta kowane yanayi. Wanne ne daidai? Kuma me ya sa tsakiyar na baya ya riga gefe cinyewa?

Injiniya Bature

Wa alaikumus salam, Alhaji. Amsa a gajarce: bar ta a 275/40R20 duka huɗu, ka canza tayoyin, ka rage iska. Ƙarin faɗi ba zai magance santsin ruwa ba, a kan rim ɗinka ma ƙara shi zai yi.

Mu fara da lambobin. 275 faɗin taya ne a milimita. 40 na nufin tsayin gefen taya kashi 40 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 110. 20 kuma girman rim ne a inci, daidai da milimita 508. In ka haɗa 110 sau biyu da 508, tsayin tayarka daga ƙasa zuwa sama milimita 728 ne. 305/35R20 tana ba da 721.5, 315/35R20 tana ba da 728.5. Ta fuskar tsayi duka biyun ba su da laifi, bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka ba za su rikita ABS, na'urar hana tayoyi kullewa in an taka birki, ko mitar gudu ba. A nan mai tayar ya tsaya da lissafi.

Abin da bai duba ba shi ne faɗin rim. Rim ɗin motarka inci 9.5 ne. Lokacin da Dodge ta fito da mai faɗin jiki a 2018 ta sa mata 305/35ZR20, ai rim mai inci 11 ta ba ta, ta kuma buɗa bakin fenda don tayar ta samu wuri. In aka cusa 305 a kan inci 9.5, bakin tayar biyu zai matso ciki, fuskarta ta tankwashe ta yi tudu a tsakiya. Gefunan ba za su zauna a kan kwalta sosai ba, tsakiya ne zai ɗauki nauyi ya cinye da wuri, gefen tayar kuma ya riƙa lanƙwasa a kwana, motar ta riƙa jinkirin amsa sitiyari. Ka biya kuɗin 305, amma robar da ke taɓa ƙasa ba lallai ta fi ta 275 ba. 315 ta fi muni.

To ko da ka sayi rim mai faɗi, ruwa dai yana nan. Taya ba ta kama kwalta sai ta kore ruwan da ke gabanta, kuma yawan ruwan ya dogara da faɗinta, da zurfin ruwan, da gudun mota. Gudu 100 shi ne kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In ruwan da ke kwance milimita 3 ne kacal, taya mai faɗin 275 sai ta kawar da wajen lita 23 a kowace daƙiƙa. Mai faɗin 305 kuwa sama da lita 25, cikakkiyar jarka ke nan a duk daƙiƙa. Wani ruwan yana fantsama gefe, saura kuma dole ya bi ta manyan layukan zanen da suka zagaye tayar. Sabuwar taya irin wannan tana zuwa da zurfin milimita 7 zuwa 8. Taka ta baya saura 2 a tsakiya, inda layukan suke, ke nan magudanar ta ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ruwan da ya rasa hanya yana taruwa a gaban taya, ya kutsa ƙarƙashinta, ya ɗaga ta. Idan tayoyin gaba suka hau ruwa, shi ne shafal ɗin da kake ji a sitiyari. Idan na baya ne, ba ka jin komai sai ka ga motar ta juya.

Akwai wasu 'yan tuddai a cikin layukan zane, tsayinsu milimita 1.6. Duk ranar da fuskar taya ta yi daidai da su, ta gama aiki a dokar ƙasashe da yawa. Amma ni ban yarda a jira su ba a motar da ke da ƙarfin doki 707 da nauyin kusan kilo 2,000, kuma duk ƙarfin ta tayoyin baya biyu yake fita. Daga milimita 3 a cire, musamman in damina ta tsaya.

In har sai ka sayi wasu rim ɗin, ka kula da abu biyu. Ramukan notin Challenger 5x115 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 115. Kasuwa cike take da 5x114.3 na Toyota da Mustang, za su shiga kamar sun yi daidai, amma notin ba ya zama a tsakiyar raminsa, ƙarfen yana ɗan tankwashewa, motar ta riƙa rawa, wata rana ya karye. Na biyu, faifan birkin gaba milimita 390 ne da kan birki na kamfanin Brembo mai fistin shida, ba kowane rim ne zai wuce su ba, kuma shi ya sa ba za ka iya komawa inci 18 a gaba don samun taya mai tsayin gefe ba.

Malam Ɗanjuma Mai Taya

Yallaɓai, Injiniya ya gama da maganar awo. Ni cin tayar zan karanta maka, don taya tana faɗin ciwon mota.

Tsakiya 2, gefe 4 a baya: abu biyu ne suka haɗu. Na farko iska. 42 ta yi yawa ƙwarai. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda mai ɗauke da awon iskar da kamfani ya yanka wa motar, ita za ka bi. Lambar 50 ko 51 da ke jikin taya ba awon aiki ba ne, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne. Yawancin masu faci sun saba da bas da motocin kaya, sai su buga 40 zuwa 45 ga kowa, gejin wasunsu ma ya daɗe da daina faɗin gaskiya. Sayi naka geji ka ajiye a mota. Ka auna da safe kafin motar ta motsa, ko bayan ta huta awa uku a inuwa. In an yi tafiya iska tana hawa da 3 zuwa 5, wannan ba laifi ba ne, kada ka sace ta tana da zafi, don in ta huce za ta yi ƙasa da ƙa'ida. Kuma duk sauyin zafi na wajen digiri 5 zuwa 6 yana motsa awon da 1, shi ya sa iskar da aka sa a zafin Afrilu ba za ta zama daidai ba a Agusta.

Na biyu ƙafa. Taya mai faɗi a bayan mota mai ƙarfi, ko iskarta daidai ce, in ana yawan taka ta daga tsaye tsakiyarta ne ke fara tafiya. Kowane ɗan kukan taya a danja roba ce ta zube.

Gefen ciki na gaba ta dama kuwa ba iska ba ce, ƙafar mota ce. Shafa tafin hannunka a fuskar tayar daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. In ta gefe ɗaya sumul ne, ɗayan kuma yana kama hannu, to bakin tayoyin ya buɗe ko ya tsuke fiye da kima, tayar tana gogar titi a karkace. In cin ya tafi sumul sai dai ya gangara ciki, saman tayar ne ya kwanta ciki da yawa. In kuma wuri-wuri ne, nan tudu nan kwari, a duba shokzoba. Kada a ɗora motar a na'urar alaimen sai an ɗaga ta an girgiza ƙafafun. A duba bushin hannuwan gaba, da boljoyin, da kan tayirod. Bushin hannun da ke riƙe ƙafar gaba a irin wannan motar da 'yar'uwarta Charger yana saurin tsagewa in ana faɗawa ramuka, kuma alaimen a kan mataccen bushi asarar kuɗi ne, kafin sati ya koma yadda yake. A yi na ƙafa huɗu, ba na gaba kaɗai ba, don bayan motar ma yana da nasa saiti, kuma in ya kauce motar tana ƙara rashin natsuwa a jiƙaƙƙen titi. Ka ce su buga maka takardar awon kafin gyara da bayan gyara.

3118 ɗin nan: mako na 31 ne na shekarar 2018. Tayar ta haura shekara shida. Roba tana bushewa ta yi tauri ko ba a hau ta ba, zafin ƙasar nan kuma yana gaggauta hakan. Tsohuwar roba a busasshen titi tana iya rufa asiri, ruwa ne ke tona ta. Ko da zanenta 6 ne, da wannan shekarun ba zan bar ta a bayan Hellcat ba.

Sai kasuwa, don nan ake yawan cutuwa. Wannan awo na 275/40R20 shi ne na gaban BMW X5 da wasu Range Rover Sport, don haka yawancin abin da za a fito maka da shi tayar jif ce. Wasu ma irin waɗanda ake ci gaba da tafiya a kansu ko sun sace ne, za ka ga RFT ko SSR ko ZP ko ROF a jiki. Gefensu tauri gare shi, sun fi nauyi, kuma ba don su aka gina ƙafar motarka ba. Ka nemi mai 106Y. 106 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 950, Y kuma gudu har 300. Kada a lallashe ka da 275/35R20 wai ai duk 275 ce. Tsayinta 700.5 ne, ta gaza taka da kusan kashi 4 cikin 100, mita za ta nuna 100 kana kan 96, gefenta milimita 96 ne maimakon 110, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim ko ya fitar mata da ƙulu. Tayar Beljiyam kuwa, in ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, ta hunturun Turai ce. Robarta laushi gare ta, a kwaltarmu narkewa take yi, birki kuma ya yi tsawo.

Usman Gwarinpa

Ranku ya daɗe, tambaya biyu a kan abin da kuka faɗa. Tunda faɗi ne ke jawo hawa ruwa, me zai hana ya koma 245/45R20 irin ta Scat Pack, wani nau'in Challenger da bai kai Hellcat ƙarfi ba? Tsayinta 728.5, kusan ɗaya ne da tasa. Sannan akwai lissafin da aka fitar a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, cewa gudun da taya ke hawa ruwa yana ƙaruwa in iska ta ƙaru. Ashe ke nan 42 ɗin taimakonsa take yi?

Injiniya Bature

Malam Usman, tsayin ya yi daidai, amma rim bai yi ba. 245/45 iyakarta rim mai inci 9, a kan 9.5 miƙe ta za a yi, bakin rim ya fito fili yana jiran gefen kwalbati. Kuma Scat Pack doki 485 gare ta, ba 707 ba. Gaskiya ne siririyar taya ta fi yanka ruwa kwance, amma yawancin tuƙin damina a kan titi mai laima ake yi, ba tafki ba, kuma a nan birki da kwana suna bukatar robar. 275 ita ce tsaka-tsakin da ya dace da motar.

Lissafin da ka ambata na tayoyin jirgin sama ne tun farko, kuma yana magana ne a kan ruwan da ya fi zurfin zane. Ana ɗaukar tushen lambar iska, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da awon iskar, a ninka da 10.35, ya ba da mil a awa. Iska 32 tana ba da wajen kilomita 94 a awa, 24 tana ba da wajen 82, 42 kuma wajen 108. Darasin da ke ciki shi ne ƙarancin iska yana da haɗari a ruwa, don tsakiyar taya yana lotsawa ciki ya tara ruwa maimakon ya kore shi. Amma ba hujja ba ce ta cika iska. 42 ɗin ce ta cinye masa tsakiyar taya, wurin da manyan layukan ruwa suke, ta kuma rage faɗin robar da ke kama titi mai laima. Kada kuma a ɗauki 94 a matsayin iyaka mai aminci. Da zane milimita 2, taya tana fara sakin ƙasa tun gudu bai kai haka ba.

Saura tambayar Alhaji ta tayar kowane yanayi. An yi ta ne don ƙasashen da ke da sanyi da 'yar ƙanƙara, za ka gane ta da M+S a gefe. Wadda Turawa ke kira tayar bazara ba ta rani kaɗai ba ce, a ruwan sama mai ɗumi irin namu ta fi ta kowane yanayi riƙo da birki, rauninta sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7 ne, Abuja kuwa ba ta ganin wannan. Ribar ta kowane yanayi daɗewa ce. Duba lambar juriyar ci a gefen taya: Michelin Pilot Sport 4S tana da 300, Continental ExtremeContact Sport 340, ta kowane yanayi irin Continental DWS06 kuma 560. Lambar ba ta da cikakken amfani tsakanin kamfani da kamfani, kowa da yadda yake gwada nasa, amma tana nuna hanya. Abin da ya yi ƙasa da 200, irin Michelin Cup 2 mai 180, ta filin tsere ce, zanenta kaɗan ne tun tana sabuwa, a guje ta. Kusa da wannan lambar akwai darajar riƙo, ka nemi AA, gwajin birki ne a jiƙaƙƙen titi. In tayar tana da takardar Tarayyar Turai a manne, layin da ke da hoton gajimare da ruwa ya zama A ko B.

Hajiya Maman Iman

Alhaji, duk da sababbin tayoyi motar nan za ta kwasa gefe in ba a canza tuƙi ba, don haka ga ɓangaren direba.

Hellcat tana zuwa da makulli iri biyu. Ja yana buɗe ƙarfin duka, baƙi yana tsayar da shi a doki 500. Ranar ruwa baƙin za a ɗauka, ko a zaɓi 500 a allon SRT. A bar na'urar hana zamewa a saitin Street. Sport da Track suna ƙyale tayoyin baya su ɗan zame kafin kwamfuta ta sa baki, a jiƙaƙƙen titi kuma wannan ɗan jinkirin ya isa motar ta juya.

Wuce mota shi ne wuri mafi haɗari. Giyarta takwas ce, kana tafiya a ta bakwai ko ta takwas, ka danna totur da ƙarfi, sai ta zubo giya uku ko huɗu lokaci guda, ƙarfin ya sauka a tayoyin baya daidai lokacin da sitiyari yake karkace don fita layi. Ka fara sauke giya da hannu ta maɓallan bayan sitiyari, ka fita layin, motar ta miƙe, sannan ka ƙara wuta a hankali. A kwana ma haka, sai ta miƙe ake takawa.

A kashe na'urar riƙe gudu. A kauce wa kwarin da manyan motoci suka lotsa a kwalta, nan ruwa ke kwanciya, haka fentin layi da ƙarfen mahaɗar gada. Ruwan farkon damina ya fi kowanne santsi, don yana taso da mai da ƙurar da suka taru tun rani. In sitiyari ya yi shafal, ɗaga ƙafa daga totur sannu, riƙe sitiyari inda kake son zuwa, kada ka finciko shi, kada ka daki birki. Da gudu ya ragu tayoyin za su sauka su kama, kuma duk inda suke kallo a lokacin can motar za ta nufa.

Abban Sadiq

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage: in biyu kawai zan iya saya yanzu, ina za a sa su? Kuma ya ake juya su don su daɗe?

Malam Ɗanjuma Mai Taya

Baya, Yallaɓai, ko da na gaba ne suka fi cinyewa. In gaba ya zame kana ji a hannunka, ka rage gudu ta dawo. In baya ya zame, gyaransa sai gwani. Biyun su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, kada dama da hagu su bambanta. Amma fa ka fara duba lambar shekarar na gaban, in su ma 2018 ne, to huɗun za su tafi. Waccan ta dama mai 3.5 a ciki ko yaya ba za ta wuce damina ɗaya ba.

Juyawa ita ce babbar ribar barin huɗun awo ɗaya, da ka sa 305 a baya da ka rasa ta. Duk kilomita 5,000 zuwa 8,000, na baya su miƙe zuwa gaba kowace a ɓangarenta, na gaba su tsallaka, ta dama ta koma baya hagu, ta hagu ta koma baya dama. In tayar tana da kibiya a gefe, ba a tsallakawa, gaba da baya kawai a ɓangare ɗaya. Mai rubutun Outside kuma wannan fuskar ce ke kallon waje, a tabbatar tun wajen ɗorawa a rim. A yi balansin duk tayar da aka ɗora, a kula da 'yar na'urar awon iska da ke gindin bawul, don ƙarfen cire taya yana saurin karya ta. Noti a ɗaure shi da sifana mai awo bisa lambar da ke littafin motar, a bi su tsallake-tsallake, ba da bindigar iska ba, a sake dubawa bayan kilomita 100. Sabuwar taya tana da ɗan santsi a fuska, ka ba ta 'yan ɗaruruwan kilomita na tuƙi a natse kafin ka gwada ta a ruwa.